Shekarar da Aka Ɗauki Hoton Kan Isiyaku

Yanzu na iso shekarar da na fi so ku karanta a natse, ku 'ya'yana da 'ya'yan ƙanina Isiyaku, domin na san abin da ake faɗa a ɗakunan iyayenku mata. Ana cewa lokacin da aka kwantar da Isiyaku a asibiti a birni aka buɗe masa kai, ban taka ƙafata na je duba shi ba. Gaskiya ne, ban je ba. Ana kuma cewa kishi ne ya hana ni. Kishi kam na yi shi, ban ɓoye ba a lokacin, ba kuwa yanzu da furfura ta cinye mini gemu zan fara ɓoyewa ba. Amma ba shi ya zaunar da ni a gida ba. Ku bari in jero muku yadda abin ya faru, sannan kowa ya yanke hukuncinsa.

Ni ne babba, Isiyaku ke bi mini. Allah ya yi shi da sakin fuska da daɗin baki, ni kuwa ya yi ni mai shiru, mai sunkuyar da kai ga aiki. Tun muna yara in mun dawo daga gona, ni da na yi kunya biyu kafin ya gama ɗaya, Inna shi take fara tambaya ko ya gaji. Da mahaifinmu ya rasu muka raba gandu, gonarsa ta zama tana jikin tawa, gamba ce kawai ta raba mu, gidajenmu kuma katanga ɗaya. Ta saman wannan katangar na riƙa jin dariyar 'ya'yan da na haifa. Nasiru, ɗana na biyu, wanda ya zama malamin makaranta a Kano yake zaune a Rijiyar Zaki, in ya zo gida zai tsugunna ya gaishe ni cikin ladabi, ya ajiye mini tsaraba, ya tambayi lafiyar shanu, shi ke nan maganarmu ta ƙare. Sai ya miƙe ya ce bari ya je ya gai da Baffa. Daga nan ba zan sake ganinsa ba sai an kira sallah, sai dai in riƙa jiyo ƙyaƙyatawarsu. Ban taɓa hana shi ba. Amma kada wani ya ce muku abin bai dame ni ba.

Ciwon bayana tsoho ne, ya girmi wasunku. A bazarar shekarar nan ya tsananta, ina kai taki gona ya riƙe ni har sai da na kwanta a gindin gawo kafin in iya miƙewa. Na Isiyaku kuwa sabo ne, bayan girbin da ya wuce ya fara kukan ƙugu, yana ɗan jan ƙafar dama. Nasiru ya zo hutu, ya shiga gidan Baffansa, Hauwa matar Isiyaku ta ba shi labari, ya fito da fuska a murtuke ya same ni a zaure.

"Baba, tafiyar Baffa ba ta yi mini ba. Zan kai shi birni a duba shi."

Na ce to, Allah ya sa a dace. Har ya kai bakin ƙofa, sai ya waiwayo.

"Kai ma ka zo mana, Baba, tunda tafiyar ɗaya ce."

Wannan "kai ma" ɗin ita na riƙa taunawa tun daga tashar Tsanyawa har muka shiga Kano, ina matse a kujerar baya ta bas, kowane rami sai na ji shi a ƙashin bayana, Isiyaku yana gaba kusa da direba suna ta hira kamar sun shekara da sanin juna.

Likitar da muka samu mace ce, yarinya ce a idona, amma hannunta ya san aiki. Ni ta fara dubawa. Ta sa na sunkuya, na miƙe, na kwanta ta ɗaga mini ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ta ƙwanƙwasa mini gwiwa da wata 'yar guduma ta roba, ta ja wani abu a tafin ƙafata. Sannan ta yi murmushi ta ce bayan manomi ne, ya yi aiki ya gaji, babu abin tsoro. Ta rubuta mini ƙwayoyi, ta ce in daina ɗaukar kaya masu nauyi, in rage sunkuyo. Ban gama ɗaura tazugen wandona ba an gama da ni. Da ta zo kan Isiyaku kuwa sai murmushin ya ɗauke. Tana taɓa gwiwarsa ta dama da gudumar nan ƙafar ta yi tsalle kamar zai harbe ta, ta hagu kuwa lafiya lau. Da ta ja abin nan a tafin ƙafarsa, babban yatsan ya miƙe sama maimakon ya lanƙwashe. Ta sake gwadawa. Ta jawo kujera ta zauna a gabansa, abin da ba ta yi mini ba, ta tambaye shi ko kansa yana ciwo.

Isiyaku ya yi dariya ya ce, "Likita, wane mai iyali ne kansa ba ya ciwo?"

Hauwa, wadda ta biyo mu, tana raɓe a bayan ƙofa, ta ce, "Malam, ka gaya mata gaskiya. Kullum da ciwon kai yake tashi da safe, wani lokaci har da amai. Takalminsa na dama yana zamewa a hanya bai sani ba, sai yara sun tsinto. Kwanaki yana zaune ƙafar ta kama rawa ita kaɗai, ya danne ta da hannu ta ƙi tsayawa."

Aka fara da hoton baya. Muka sauka a gidan Nasiru muna jira, matarsa tana ta hidima, kwanon Baffa daban, da man shanu a kai, wai shi ne marar lafiya. Da hoton ya fito muka koma, likitar ta ce ƙashin bayan Isiyaku bai fi na kowane manomi mai shekarunsa lalacewa ba, kuma babu abin da ta gani a wurin da zai kashe masa ƙafa haka. Ta ce tana so a ɗauki hoton kansa.

Isiyaku ya dafa ƙugu ya ce, "Ranki ya daɗe, nan ne ke ciwo. Me ya haɗa ƙugu da kai?"

Ta ce, "Baba, ƙafa ba ta motsa kanta. Umarni daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, ya biyo ta laka a cikin ƙashin baya, ya sauka ƙafa. Mun duba hanyar ta ƙasa, ba mu ga inda ta toshe ba. Yadda gwiwarka ke tsalle da yadda yatsanka ke miƙewa suna nuna mini matsalar daga sama take. Ga ciwon kai da safe, ga amai, ga rawar ƙafa. Wurin da ke juya ƙafa a can tsakiyar kai yake, in wani abu ya danne shi ƙafa za ta yi rauni, mutum ya riƙa tafiya a karkace, bayansa ya ɗauki wahalar. Zai yi ta kukan baya, alhali bayan ba shi ne mai laifin ba."

Na saurari bayanin nan har ƙarshe, ya kuma shige ni. Sai na gyara murya na ce tunda an zo an zo, ni ma a haɗa da nawa kan, domin ciwona ya riga nasa da shekaru.

Ta ce, "Baba, kai ba ka da ko ɗaya daga cikin alamun nan. Ƙafafunka da ƙarfinsu, kanka ba ya damunka. Ba kowane mai ciwon baya ake ɗauka wa hoton kai ba, yawancinsu ma ko na bayan ba sa bukata. Ka gode wa Allah."

Na gode masa. Amma da muka fito baranda na ja Nasiru gefe na ce, "Wato ni kaina ba kai ba ne?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake yi, ya wuce ya kama hannun Baffansa za su sauka matakala. Na biyo su a baya ina dafa bango, da 'yar ledar ƙwayoyina a hannu.

Ranar ɗaukar hoton na ga na'urar ta gilashin ƙofa, wata ƙatuwar aba mai rami a tsakiya, aka kwantar da shi aka tura shi ciki, tana ƙara kamar injin niƙa. Nasiru yana tsaye ya harɗe hannu, leɓensa yana motsi da addu'a. Ban taɓa ganin ya yi mini irin wannan tsayuwar ba, har lokacin da kunama ta harbe ni na kwana biyu ban san inda nake ba. Da sakamako ya fito, likitar ta juyo mana da allon kwamfuta. Ko ni da ban san karatun hoto ba na ga abin, wani farin dunƙule kamar ƙwan zabo, zaune a saman kan ta ɓangaren hagu. Ta ce ƙari ne ya tsiro a jikin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, bisa ga alama ba mugun iri ba ne, kuma ana iya cire shi, amma in aka bar shi zai ci gaba da girma. Hauwa ta fashe da kuka. Ni ma na tsorata, ƙanina ne, ciki ɗaya muka fito, a bayana ya koyi tafiya. Duk da haka ina tsaye a bayansu babu wanda ya waiwayo ya ce, Malam Haruna, zauna, ka daɗe a tsaye.

Na dawo gida ni kaɗai, ruwan shuka ya sauka. Aikin da za a yi masa ba na talaka ba ne, kowa ya sani. Babu wanda ya buɗe baki ya roƙe ni, kuma ina so ku riƙe wannan da kyau. Ni da kaina na kwance shanun huɗata ranar kasuwar Tsanyawa, bijimai biyu da na raina tun suna maruƙa, na dawo da igiya a hannu, na aika wa Nasiru abin da aka samu. Daga nan gida ya watse. Ƙannen Nasiru maza da nake taƙama da su a gona suka tafi birni, wai za a bukaci jini da masu jinya. 'Ya'yan Isiyaku manya duk mata ne, suna gidajen mazajensu. Har Rabi, matata, na shigo na tarar tana ɗaure kaya, ta haɗa da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa.

Na ce, "Ke kuma ina zuwa?"

Ta ce, "Malam, Hauwa ba za ta iya ita kaɗai ba. Ga girki, ga zaman asibiti. Na bar wa maƙwabta sallahu za a riƙa kawo maka tuwo."

"Ni da nawa bayan fa?"

"Haba Malam, kai ai likita ta ce lafiyarka ƙalau."

Ba haka likita ta ce ba. Cewa ta yi kada in ɗauki nauyi, kada in yawaita sunkuyo. Amma abin da gidana ya ji ke nan, lafiyata ƙalau, domin ni ba a tura ni cikin na'ura ba.

Gonaki biyu suka rage a gabana, babu shanu, babu samari. Shuka na samu 'yan uwa suka taimaka aka yi ta gayya, amma noma kowa tasa ta ishe shi. Ciyawa ta taso wa gonakin nan lokaci guda, hannu kuwa ɗaya ne. Na tsaya a kan iyaka, a cikin gambar nan, na dubi tawa na dubi tasa. Na san duk wadda na bari a baya ba za ta yi abin kirki ba. Na kuma san in Allah ya tashi kafaɗar Isiyaku, zai daɗe bai riƙe fartanya ba, ga iyali. Sai na shiga tasa. Ba zan ce muku da farin ciki na shiga ba. Ina noma ina faɗa da shi a zuci, ina tuna masa duk abin da ya samu a sauƙaƙe tun muna yara, kowace sara da tata maganar. Na yi masa noman farko a kan kari, na yi maimai, na yi huɗa da garmar hannu, abin da na manta rabona da shi. Tawa sai da ciyawa ta kai gwiwa na waiwaye ta. Akwai ranakun da daga gona da rarrafe nake isa gindin gawo, in kwanta rigingine ina kallon sama har zafin ya lafa.

Waya kullum tana shigowa, kuma kullum labarin ɗaya ne. Baffa ya ci abinci. Baffa ya ba ma'aikatan jinya dariya. An aske wa Baffa kai. Ana saura kwana kaɗan a shiga da shi tiyata Nasiru ya kira ni da hantsi, ina tsakiyar kunya.

"Baba, Baffa yana ta tambayarka. Ya kamata a ce kana nan."

Na ce, "Wa zai yi maimai?"

"A bar gonar nan mana, Baba. Ana maganar rai kana maganar gero?"

"In ya tashi, me zai ci?"

Ya ce to, a cikin muryar da na gane ya riga ya yanke mini hukunci. Daga wannan wayar maganar da kuke ji ta samo asali. Bai tambaye ni a gonar wa nake tsaye ba, ni kuma ban gaya masa ba. Ina ganin ɗan da na haifa bai kamata sai na yi masa bayani ba.

Ranar aikin ban iya cin komai ba. Na yi alwala da ruwan gorata na yi nafila a gefen gonarsa, na roƙi Allah ya tashe shi, na kuma koma na ci gaba da aiki saboda zama ya gagare ni. Bayan la'asar Rabi ta kira tana kuka tana dariya, ta ce an cire, ya farfaɗo, har ya motsa yatsun ƙafar. Na zauna a kan kunya na rufe fuska da hula. Babu kowa a wurin, shi ya sa babu wanda ya ba ku wannan labarin.

Sai da gero ya fitar da kai aka dawo da shi. Ƙauyen nan kaf ya taru a ƙofar gidansa, har da mutanen da ko gaisuwa ba ta haɗa su. Ana ta shiga ana fita, ana kawo fura da kaji, kowa yana so ya ji yadda aka shiga da shi na'ura da yadda aka buɗe kai aka rufe. Shi kuwa ya samu abin da ya fi iyawa, yana ba da labari ana dariya. Ni ina kwance a zaurena, bayan ya ƙi miƙewa, daga shekarar nan ne kuwa bai sake miƙewa daidai ba, wannan doron da kuka san ni da shi. Ina ji wasu dattawa biyu suka wuce ta ƙofata suna hira, ɗaya yana cewa, "Ka ga geron Isiyaku kuwa? Mutumin nan ɗan baiwa ne, yana kwance a asibiti gonarsa ta fi ta kowa. Dubi ta yayansa da ke gida, abin tausayi." Na juya fuskata bango. A duk abin da ya faru a shekarar, wannan maganar ta fi ci mini rai, har ta fi sayar da shanun.

Da jama'a suka ragu bayan kwanaki, wata safiya na ji ƙarar sanda a ƙofar zaure. Isiyaku ne, ya rame, hula ta yi masa yawa. Ya yi sallama ya zauna a bakin tabarmata da ƙyar.

"Yaya, jiya na sa an kai ni gona."

Na ce, "Madalla. Ai na ji an ce kai ɗan baiwa ne."

"Na san huɗarka, Yaya. Babu mai tayar da kunya irin taka a garin nan. Na kuma ga turken shanu babu kowa."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce Nasiru ya ba shi labarin abin da na faɗa a barandar asibiti, wai ko kaina ba kai ba ne. Na ɗauka dariya zai yi, irin tasa. Bai yi ba. Ya cire hular, ya kamo hannuna ya ɗora a tsakiyar kansa.

"Ga abin da aka ba ni aka hana ka. Taɓa ka ji."

Na ji tabon a ƙarƙashin yatsuna, dogo, mai kauri, ya zagaya kamar bakin ƙwarya, da wani ɗan wuri da ya lotsa inda aka mayar da ƙashi. Fatar tana da ɗumi. Ya ce lokacin da aka tura shi cikin na'urar nan, ya rufe ido yana jin ƙarar, babu abin da yake fata a duniya irin a ce shi aka miƙa wa ledar ƙwayoyi aka ce ya tafi gida. Na janye hannuna. Tunda aka haife shi, ranar ce karo na farko da na ga wani abu nasa na ji ba na so.

Na ce, "Mayar da hularka, kada iska ta shiga."

Ya mayar. Can sai ga jikokina sun shigo da gudu, 'ya'yan Nasiru da aka kawo hutu, suka tsallake ƙafafuna kamar itace suka faɗa jikinsa suna kiran sunansa. Ya dube ni ta saman kawunansu, ya ɗaga kafaɗa, alamar ba laifinsa ba ne. Na san ba laifinsa ba ne. Ban taɓa cewa laifinsa ne ba.

Geron gonarsa ya ciyar da gidaje biyu a shekarar, domin tawa ba ta cika ko rabin rumbu ba. Duk tuwon da kuka ci a gidana har wata damina, daga rumbun Baffanku aka auno shi, kuna ci kuna sa masa albarka. Na ji ku da kunnena, ban ce komai ba. Yau na faɗa.